Na'urar sa ido kan tuƙi: Shin sabon salon inshora zai karɓi manyan motoci a hanyar Tambuwal da Kebbe?

Tun ranar 1 ga Fabrairun 2025, lokacin da Rundunar 'Yan Sandan Najeriya ta fara tilasta wa masu ababen hawa mallakar inshora, takardar da direbobi suka daɗe suna ɗauka a matsayin abin nuna wa jami'ai a shingen bincike ta koma abin tattaunawa a tashoshin mota. A watan Agustan wannan shekarar kuma Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora. A cikin wannan yanayi ne ake ƙara jin maganar wani salo da ya daɗe a Turai da Amurka: a maƙala wa mota wata ƙaramar na'ura, ko a saka manhaja a wayar direba, ta riƙa lura da yadda yake tuƙi, sannan kamfani ya saka masa gwargwadon halinsa a kan titi. Kamfanin ETAP da ke Legas na cikin waɗanda suka shigo da irin wannan manhaja, inda direba mai natsuwa ke tara maki.

Mai ƙaramar mota da ke zirga-zirga a cikin gari ba shi da abin fargaba sosai. Wanda ya kamata ya tsaya ya yi lissafi shi ne mai mota mai ƙarfin inji. A mazaɓar Kebbe da Tambuwal da ke kudancin Jihar Sakkwato, ba a maganar Ferrari ko Porsche. Motocin ƙarfi a nan su ne Land Cruiser da Lexus masu silinda takwas, da Mercedes, da Hilux, waɗanda 'yan siyasa da manyan 'yan kasuwa da masu sarauta ke hawa. Su ne suka fi tsada, su ne kamfanonin inshora suka fi kwaɗayin samu, su ne kuma na'urar ta fi saurin yi wa mummunar fahimta.

Abin da na'urar ke aunawa

Na'urar tana aiki da abu biyu: tauraron ɗan'adam da ke nuna inda mota take da saurin da take yi, da kuma wani ma'auni da ke jin fizga da girgiza. Daga nan take ƙirga sau nawa direba ya taka birki da ƙarfi, sau nawa ya danna totur a fusace, yadda yake shan kwana, tsawon tafiyarsa, da lokacin da yake fita. Kamfanin Progressive na Amurka, wanda ke cikin na farko a wannan fanni da shirinsa na Snapshot, yana ɗaukar raguwar gudu da ta kai mil 7 a cikin daƙiƙa ɗaya, wato kusan kilomita 11, a matsayin birkin gaggawa. Yana kuma kallon tuƙi tsakanin ƙarfe 12 na dare da 4 na asuba a matsayin mai haɗari.

A Birtaniya matasa sabbin direbobi ne suka fi karɓar tsarin, domin kuɗin da ake yanka musu yana da yawa. A Italiya ya bazu fiye da yawancin ƙasashen Turai. A Afirka ta Kudu, kamfanin Discovery Insure ya fara nasa a 2011, yana mayar wa direba mai kyakkyawan maki wani kaso na kuɗin man da ya sha. Duk waɗannan wurare suna da abu guda: titunan da aka auna, aka sa musu alamun iyakar gudu, aka kuma shigar da su taswira.

Ƙarfin inji da hukuncin na'ura

Matsalar mota mai ƙarfi ita ce ƙaramin motsi yana haifar da babban sakamako. Ɗan taɓa totur da zai sa tsohuwar Golf ta fara jan jiki, a babbar Mercedes fizga ce da na'ura za ta rubuta. Birkinta ma yana kamawa nan take, don haka tsayuwar da direba ke ji a matsayin ta yau da kullum tana iya tsallake ma'aunin da kamfani ya sa.

Hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga da Shagari da Tambuwal ta nufi Jega ta isa misali. Titi ne da masu tafiya da masu dawowa ke rabawa, kuma cike yake da tireloli masu ɗauke da shanu da albasar Aliero zuwa Kudu. Direban da zai wuce tirela a irin wannan titi, gwargwadon saurin da ya gama wucewa, gwargwadon ƙarancin lokacin da zai ɓata a hannun masu tahowa. A nan ƙarfin inji kariya ne. Amma abin da na'ura za ta gani shi ne an danna totur da ƙarfi, sai ta rage maki. Haka za ta yi idan ya taka birki saboda rami, ko garken awaki, ko ɗan acaɓa da ya faɗo titi daga kasuwa. Tana rubuta motsin mota, ba ta ganin abin da ya jawo shi.

Sai dai adalci ya sa a faɗi inda na'urar ke da gaskiya. Ƙa'idar hanya ta ƙasa ta kayyade wa ƙananan motoci na gida kilomita 50 a cikin gari, 80 a kan babbar hanya, 100 a kan tagwayen hanyoyi. Babbar mota tana ɓoye gudunta: direba na iya kai wa 140 yana jin kamar yana kan tabarma. Ilimin kimiyya kuwa bai san alfarma ba, domin duk lokacin da gudu ya ninka biyu, nisan da mota ke buƙata kafin birki ya tsayar da ita yana ninka huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin hatsari mai kisa da kashi 4. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, FRSC, ta ƙirga mutum 5,421 da suka rasu a hatsarin mota a 2024, sama da 5,081 na 2023, kuma ta sha nanata cewa gudun wuce sa'a ne kan gaba wajen haddasa su. Tun Fabrairun 2017 take tilasta wa motocin haya saka na'urar kayyade gudu, amma motocin gida, har da mafi ƙarfinsu, ba su shiga wannan tilas ba. Hausawa dai sun ce sauri ya haifi nawa.

Abin da ya bambanta Kebbe

Da zarar an sauka daga babbar hanya aka nufi ƙauyukan Kebbe da Kuchi, lissafin yana ƙara rikicewa. Yawancin hanyoyin da ke haɗa ƙauyuka na burji ne ko na yashi, babu alamar iyakar gudu, kuma gargadarsu kaɗai ta isa ta cika ma'aunin girgiza da rahoton ƙarya. A damina direba kan ƙara wuta don kada mota ta kafe a laka.

Akwai kuma batun tsaro. Kebbe tana iyaka da Jihar Zamfara, kuma ƙauyukanta sun sha fama da hare-haren 'yan bindiga. Direban da ya san wurin da ake tare hanya ba zai rage gudu a nan don neman maki ba. Tsarin da zai hukunta shi saboda ya yi saurin ficewa daga daji mai haɗari yana tilasta masa zaɓi tsakanin rangwame da ransa.

Sadarwa ma ba abin dogaro ba ce a kowane lokaci. A Satumban 2021, a zamanin mulkin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar domin yaƙi da 'yan bindiga. Na'ura tana iya adana bayanai har sabis ya dawo, amma babban amfanin da ake tallata ta da shi, wato aika saƙon neman agaji da zarar an yi hatsari ko nuna inda motar sata take, yana tsayawa ne cak a inda babu sabis.

Sannan babbar mota a wannan yanki ba ta mutum ɗaya ba ce. Direban gida yana ja, ɗa yana ja, ƙane yana aro ranar biki. Na'urar da ke jikin mota za ta ɗora laifin kowa a kan mai ita. Manhajar waya kuma tana iya ɗaukar maigida a matsayin direba alhali yana zaune a kujerar baya.

Ina rangwamen zai fito?

Tambaya mafi muhimmanci ta kuɗi ce, kuma amsarta tana cikin sanarwar da Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta fitar a Disambar 2022. Daga 1 ga Janairun 2023 kuɗin inshorar dole, wadda ke biyan diyyar ɓarnar da aka yi wa wani, ya tashi daga N5,000 zuwa N15,000 ga motar gida, iyakar diyyar dukiya kuma ta tashi daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Farashin ɗaya ne ga mai Corolla da mai Land Cruiser. Wanda wannan inshora kaɗai yake da ita, babu abin da na'ura za ta rage masa.

Sai a cikakkiyar inshora, wadda ke biyan ɓarnar motar mai ita da sata da gobara, ake maganar kuɗi masu kauri. A nan ma sanarwar ta ce kuɗin ba zai gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota ba, bayan an cire duk wani rangwame. Motar Naira miliyan 60 za ta ci aƙalla miliyan 3 a shekara, komai kyawun tuƙin mai ita. Ke nan ƙasa tana da iyaka, sama kuwa a buɗe take. Mai babbar mota da ya karɓi na'ura yana iya samun kansa a cinikin da ribarsa ƙayyadaddiya ce, asararsa kuwa ta danganta da abin da kamfani ya ga dama.

Akwai wata ƙofa da ta fi dacewa da al'ummar da da yawa daga cikinta ke ƙyamar inshorar gargajiya saboda dalilan addini. A tsarin takaful, wanda NAICOM ta fitar wa ƙa'idoji a 2013 kuma kamfanoni irin su Noor da Jaiz ke gudanarwa, mahalarta suna zuba gudummawa a asusu ɗaya, a biya wanda tsautsayi ya faɗa wa, a raba rarar da ta saura. Idan direbobi masu natsuwa suka rage yawan hatsari, rarar tana ƙaruwa, kuma tana komawa aljihunsu. A irin wannan tsari ne bayanan tuƙi za su iya zama abin lada a fili.

Sirrin tafiya

Na'urar da ta san gudun mota ta san inda take kwana, da ranar da take zuwa kasuwa, da hanyar da take bi zuwa gona. A Maris ɗin 2024 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda bayanan tuƙin masu motocin General Motors ke isa hannun dillalan bayanai irin su LexisNexis, daga nan su kai ga kamfanonin inshora, har aka ƙara wa wasu kuɗi ba tare da sun san dalili ba. A Janairun 2025 hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta ɗauki matakin hana kamfanin miƙa irin waɗannan bayanai na tsawon shekara 5.

A can abin da aka yi asara kuɗi ne. A yankin da masu garkuwa da mutane ke dogaro da masu kai musu rahoto, jadawalin zirga-zirgar attajiri makami ne idan ya faɗa hannun da bai dace ba. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta samun halastaccen dalili, kamar amincewar mutum, kafin a sarrafa bayanansa, ta kuma ba shi damar neman sanin abin da aka tara a kansa. Amma doka a takarda ba ta hana ma'aikaci ɗaya marar amana sayar da abin da ya gani a kwamfuta.

Wa ta dace da shi?

Na'urar tana da amfani ga wasu. Ɗan kasuwar da ke da motoci da yawa a hannun direbobi zai san wanda ke wasa da dukiyarsa. Uban da ɗansa ke ɗaukar mota zuwa wasan tsere a bukukuwan aure zai ga shaida ƙarara. Idan aka yi karo aka shiga jayayya, bayanan gudu suna iya wanke wanda ba shi da laifi. Kuma idan aka kammala babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry da aka ƙaddamar da aikinta a Oktoban 2024, shimfiɗaɗɗiyar kwalta za ta ƙara wa masu manyan motoci sha'awar gudu, buƙatar abin da zai ja musu linzami kuma za ta ƙaru.

Ga mutumin da ke tuƙa babbar motarsa da kansa tsakanin Kebbe da Tambuwal da Sakkwato kuwa, tsarin a yadda yake a yanzu ya fi karkata ga kamfani. Kafin ya sa hannu, akwai abubuwan da ya kamata ya gani a rubuce: ko maki marar kyau zai iya ƙara masa kuɗi ko ya zama hujjar hana shi diyya, ko an daidaita ma'aunin da nau'in motarsa da irin hanyoyin da yake bi, ko yana da damar ƙalubalantar rahoton da bai yarda da shi ba, da kuma su wane ne ke iya ganin inda motarsa take, da tsawon lokacin da za a adana bayanan. Nauyin NAICOM da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa ne su mayar da waɗannan sharuɗɗa wajibi tun tsarin bai bazu ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya.