Tarihi Madubi: Sarkin da ya aika da karnuka, ya karɓo malami

Ƙasa tana iya wayar gari da yunwar ilimi kamar yadda take wayar gari da yunwar hatsi. Haka ta faru ga Ingila a ƙarni na 9.

A da, Ingila ce ke ba maƙwabta malamai. Wajen shekarar 782, Alkuwin ya bar birnin Yok ya tafi koyarwa a fadar Sharlaman, sarkin Farankawa. Amma a 866 maharan teku daga Danmak suka ci Yok. Yaƙi ya watsa gidajen ibada, waɗanda su ne makarantun lokacin. Da Alfared ya hau gadon Wesek a 871, da ƙyar ake samun mai iya fassara wasiƙar Latin, alhali da Latin ake rubuta littattafan addini da takardun mallakar filaye.

Bayan ya ci nasara kan maharan a 878, sarki bai ji kunyar roƙo ba. Ya aika wa Fulk, babban limamin Kirista na birnin Rems, kyautar karnuka, ya nemi malami. Wajen 886 aka turo masa Girimbal daga gidan ibadar San Bertan, a arewacin Faransa ta yau. Yohana ya zo daga Saksoni ta Jamus, Asar kuma daga ƙasar Wales.

Abin lura shi ne yadda sarki ya ci moriyarsu. Bai ajiye su don ado ba. Ya durƙusa gabansu yana kusan shekara 40, ya koyi Latin, domin gemu ba ya hana ilimi. Da taimakonsu ya mayar da littattafai cikin harshen da talakawansa ke ji. Ya buɗe makaranta a fada, ya ware mata kashi 1 cikin 8 na kuɗin shigarsa. Sa'an nan ya gargaɗi hakimai da alƙalai: wanda bai koyi karatu ba, ya sauka daga muƙami. Dattawan da karatu ya gagara suka riƙa sa ƴaƴansu suna karanta musu.

Baƙuntar ba ta zo da sauƙi ba. A gidan ibadar Atelni, wasu almajiran Yohana sun yi hayar mutum 2 su kashe shi; ya tsira da rauni.

Alfared ya rasu a 899, Girimbal a 901, amma littattafan sun wanzu har yau. Kowane ɗan kasuwa ya san kayan aro ba su cika shago. Malamin da aka ɗauko daga waje ribarsa ɗaya ce: ya bar almajirai masu karatu da harshen gida.