Hana Shiga Da Jaka: A Tsare Taro, Amma Kada A Kori Masu Rauni

Duk lokacin da Sallah ta ƙarato, cikin sanarwar da rundunonin 'yan sanda kan fitar a jihohin Arewa ba a cika rasa wannan jan kunne ba: kada kowa ya nufi filin Idi da jaka ko ƙunshi, darduma kaɗai ta wadatar. Mun daɗe muna jin umarnin har ya zame mana jiki. Haka lamarin yake a wasu manyan majami'u da filayen ƙwallo da wuraren wa'azi da gangamin siyasa. Ina cikin masu goyon bayan a binciki duk abin da za a shiga da shi cikin taro. Abin da ya dame ni shi ne bayin Allah da wannan doka ke mayarwa gida, ko take hana su fitowa tun farko, alhali ba su ne abin tsoron ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya ga abin da ya faru a Babban Masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamba, 2014, inda aka rasa rayuka sama da 100, ba zai yi wa mai caje a bakin ƙofa gardama ba. A ƙasashen waje ma jini ne ya haifi dokar. A watan Afrilun 2013 aka tayar da bama-bamai biyu da aka ɓoye cikin jakunkunan goyo a wurin gasar tseren gudu ta birnin Boston a Amurka, mutum 3 suka mutu, ɗaruruwa suka jikkata. A shekarar 2013 ɗin dai hukumar NFL mai kula da gasar ƙwallon zari-ruga ta Amurka ta kafa ƙa'idar cewa ba a shiga filin wasa sai da jakar roba garai-garai wadda ake ganin abin da ke cikinta, kuma girmanta kada ya wuce inci 12 da 6 da 12. A Ingila, bayan harin da ya kashe mutum 22 a zauren kiɗa na Manchester ranar 22 ga Mayu, 2017, manyan wurare da dama sun tsaya kan cewa jaka kada ta wuce girman takardar A4.

Ga mai lafiya, wannan ba wani abin damuwa ba ne. Ya jefa waya da makulli a aljihun kaftani, ya wuce. To amma mu leƙa jakar waɗansu mu ga abin da ke ciki. Mai ciwon suga yana tafe da allurar insulin da na'urar awon jini da ɗan abin zaƙi da zai jefa a baki idan jiri ya kama shi. Mai asma ba ya rabuwa da abin shaƙarsa, musamman a filin Idi ko wurin hawan Sallah inda dawakai ke tayar da ƙura. Mai sikila, kuma Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu wannan lalura, dole ya riƙe gorar ruwa da maganin ciwo, domin ƙishirwa kaɗai na iya tayar masa da ciwon da zai kwantar da shi a asibiti. Mai goyo tana ɗauke da ƙunzugu da kayan canji da abincin jariri. Zabiya na buƙatar laima da man kariya daga rana. Jakar da ke rataye a bayan keken gurgu wani lokaci robar fitsari ce a ciki da kayan tsaftace jiki. Idan aka ce wa waɗannan mutane su ajiye jaka, an ce musu su koma gida ne, ko da ba a furta hakan ba.

Kuma ba 'yan tsiraru ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, suna rayuwa da wata babbar naƙasa. A haɗa da tsofaffi da masu juna biyu da masu shayarwa, sai a ga babu gidan da maganar ba ta shafa ba. Yawancin waɗannan lalurori ma ba a ganinsu da ido. Matashi zai zo tsaf da shi, ɗan agaji ya dube shi ya ce ƙarya yake yi, alhali ransa na cikin ledar da ake neman ƙwacewa.

Akwai masu ganin mu kwaikwayi Amurka kawai, kowa ya zo da jakar da ake ganin cikinta. Ban yarda da wannan ba. A can ma mata sun koka tun lokacin da aka kafa ƙa'idar. Mu kuwa mutane ne masu kunya da son sutura. Wace mace ce za ta ratsa dubban maza riƙe da jakar da ke nuna audugar mata? Wace baiwar Allah mai fama da yoyon fitsari za ta yarda kowa ya ga ƙunzugun da take ɗauke da shi? Wane dattijo zai so maƙwabta su karanta sunan maganin da yake sha a ɓoye? Za su gwammace su zauna a gida, kuma babu wanda zai ƙirga su, domin wanda bai zo ba ba ya cikin lissafi.

Wani abin lura shi ne hana jaka kaɗai ba ya samar da tsaro. Maharin Manchester bai ratsa ƙofar bincike ba. A harabar da ke wajen zauren ya zauna da ƙatuwar jakarsa yana jiran mutane su fito. Wani mutum ya gan shi, hankalinsa bai kwanta ba, ya sanar da ma'aikacin tsaro, amma ba a ɗauki matakin da ya dace ba. Kwamitin binciken da aka kafa ya tabbatar an yi sakaci da damar da aka samu ta daƙile shi. Shi ya sa dokar da Birtaniya ta kafa a 2025, wadda ake kira Dokar Martyn don tunawa da ɗaya daga cikin waɗanda aka kashe, ta ɗora wa masu wuraren taro nauyin yin shiri da sanar da ma'aikata abin da za su yi idan wani abu ya taso. Idon ma'aikaci mai horo ya fi tulin jakunkunan da aka ƙwace amfani.

Ita kanta ƙofar binciken, idan ba a tsara ta ba, tana iya zama tarko. A watan Janairun 2022, lokacin gasar cin kofin Afirka, mutum 8 suka mutu a turmutsitsi a ƙofar filin wasa na Olembe da ke Yawunde a Kamaru. A watan Mayun 2022 kuma, a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai tsakanin Liverpool da Real Madrid a birnin Paris, an takure dubban magoya baya a ƙuntatattun wuraren tantancewa, aka harba musu barkonon tsohuwa, cikinsu har da masu keken guragu da ƙananan yara. Duk inda layi ya cushe, mai sanda da mai keke da mai goyo ne farkon waɗanda ake takewa.

Maganin ba ɓoyayye ba ne, an gwada shi a wurare da dama. Ita kanta hukumar NFL ta ware wa kayan jinya ƙofa ta musamman inda ake bincika su a bar mai su ya shige. Alhazanmu kuma shaida ne kan yadda ake yi a Masallacin Harami: ba a shiga da manyan jakunkuna, amma akwai akwatunan ajiya a kewayen masallacin, ana barin ƙaramar jakar takalmi, an kuma tanadi kekuna da wuraren ɗawafi da sa'ayi ga waɗanda ba sa iya tafiya da ƙafa. Idan wurin da ke karɓar miliyoyin mutane ya iya haɗa tsaro da sauƙaƙawa, filin Idin ƙaramar hukuma ba shi da uzuri.

Doka ma tana tare da masu rauni. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shiga, wa'adin da ya cika a farkon 2024. Ta ce a fara saurarar mai buƙata ta musamman a duk inda ake layi. Ta tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfani ko ma'aikatar da ta nuna wariya, mutum ɗaya kuwa naira dubu 100 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun. An kafa hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa a 2020. Sai dai ɗan agajin da ke tsaye a ƙofa da na'urar caje a hannu, sau da yawa babu wanda ya taɓa gaya masa akwai wannan doka. Abin da aka ce masa kawai shi ne kada jaka ta wuce. Ba laifinsa ba ne, laifin waɗanda suka tura shi ne.

Na san abin da jami'an tsaro za su ce: mugu na iya fakewa da lalura, kuma mun ga yadda 'yan ta'adda suka riƙa ɗaura wa mata da ƙananan yara bam. Gaskiya ne. Amma babu wanda ya ce a bar kowa ya wuce ba bincike. A buɗe jakar mai lalura, a duba ta ciki da bai, a duba kekensa, sannan a mayar masa da kayansa ya shiga. Mata su binciki mata a bayan labule. Wannan ya fi aminci a kan halin da ake ciki yanzu, inda wanda ya san wani ke shigewa da jakarsa ba a taɓa ta ba, talaka mai ciwo kuwa a kore shi.

Abubuwan da ake buƙata ba su da tsada. Sanarwar da za a karanta a rediyo ta faɗi ƙarara cewa an yarda da magani da ruwan sha da kayan jarirai bayan bincike. A ware ƙofa guda mai faɗi, marar matakala, mai inuwa da kujeru, a sa mata alama da Hausar boko da ajami da kuma hoto. A kafa rumfar ajiyar kaya nesa kaɗan da cunkoso, a riƙa ba da lamba. A zauna da 'yan agaji da 'yan Hisba da 'yan sintiri kafin ranar taro a nuna musu yadda allurar insulin da abin shaƙar asma suke. Sama da komai, a gayyaci sarakunan makafi da na guragu da na kurame da wakilan JONAPWD, ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta ƙasa, cikin kwamitin shirya taro, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kirana ga gwamnoni da kwamishinonin 'yan sanda da majalisun masarautu da kwamitocin masallatai da majami'u da hukumomin filayen wasa shi ne kada su jira sai jajibirin taro. Kafin Sallah mai zuwa, a gyara sanarwar, a ware ƙofar, a horar da masu tsaronta. Kai ma mai karatu, idan kana cikin kwamitin wani taro, tambayi 'yan uwanka ta ina mai keke da mai goyo za su shiga, kuma kada a tashi zaman sai an samu amsa. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya kuma ba marasa lafiyarmu sauƙi.