ALLON ZAMANI YA SHIGO MAKARANTUN KURMI

Jama'armu mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Badun, ga wata magana da ta shafi 'ya'yanku kai tsaye.

A shekarar 1913 ba wanda zai yarda, amma a 2013 Gwamnan Jihar Oshun na lokacin, Rauf Aregbesola, ya fara raba wa ɗaliban manyan sakandare wata 'yar na'ura mai suna Opon Imo, wato allon ilmi da Yarabanci, da niyyar kaiwa 150,000. An zuba mata littattafai da tambayoyin jarrabawar baya, kuma yaro na iya karatu da ita ko babu intanet. Wannan ita ce hikimar, domin kuɗin data ne ke karya talaka.

Jihar Edo a 2018, da Ikko bayanta, sai suka bi wata hanya: malamin firamare suka miƙa wa na'urar, darasin kowace rana na ciki, tana kuma nuna ko ya zo aiki. A ganinmu wannan ya fi, don na'ura ɗaya ta wadatar da aji guda, ba kuma a hannun yaro take ba balle ta fashe.

To, ina mu? Tun 2015 hukumar JAMB da kwamfuta take jarrabawarta. Yaron da aka tsare a rumfa yana auna albasa, ranar jarrabawa zai fara taɓa madannai, alhali ɗan maƙwabci ya shekara uku yana yi. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa, kuɗin 'yan na'urori goma a makarantar Islamiyyar unguwa bai kai na shanu biyar ba.