Mai Jifa da Ƙwayoyin Ludo

A Amurka akwai dubban mutane da ke tafiyar da ƙungiyoyin besbol waɗanda ba su taɓa taka fili ba. 'Yan wasansu katuna ne, ko lambobi a cikin kwamfuta, kuma wasannin da suke bugawa lissafi ne ke yanke su. Abin ya daɗe: wasan tebur na APBA ya fito a 1951, Hal Richman ya fitar da Strat-O-Matic a 1961, sannan a 1999 Markus Heinsohn ya ƙirƙiro manhajar Out of the Park Baseball. Abokai kan haɗu su kafa gasa, kowa da ƙungiyarsa, su shafe shekaru suna cinikin 'yan wasa.

Duk mai ƙungiya a irin wannan gasa yakan gamu da rana guda. Mai jifansa, wato ɗan wasan da ke tsaye a tsakiyar fili yana wurga ƙwallo ga mai sanda, ya buga wasa shida kuma a kowanne an yi masa ruwan maki. Ƙungiya na gangarawa ƙasan tebur, wurin zama a jerin 'yan wasa ƙididdigagge ne, ga wani matashi a benci yana jira. A sallame shi, ko a ci gaba da haƙuri?

Zuciya takan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A wannan fage karin maganar ba ta aiki, kuma dalilin yana cikin yadda aka gina wasan. A Strat-O-Matic ana jefa ƙwayoyin ludo uku a duk karon da mai jifa ya fuskanci mai sanda. Ƙwaya ɗaya ce ke zaɓar katin da za a karanta: idan ta nuna 1 zuwa 3, a duba katin mai sanda; idan ta nuna 4 zuwa 6, a duba na mai jifa. Ashe rabin abin da ke samun mai jifa ba daga katinsa yake fitowa ba. Katin kuwa bugagge ne, an gina shi bisa alƙaluman kakar da ta gabata. Ba ya gajiya, ba ya karaya, ba ya tuna dukan da ya sha jiya. Wanda ya kori kati saboda wasa shida, hukunci ya yanke wa ƙwayoyin ludo.

Lissafin ma ƙarami ne. Ana auna mai jifa da matsakaicin makin da ake ci a kansa cikin zango tara, tsawon wasa guda ke nan. Wasa shida kimanin zango 36 ne. Mai matsakaicin 4.00 an ci shi maki 16, mai 6.00 an ci shi 24. Tazarar da ke tsakanin ɗan wasa madaidaici da wanda ake shirin kora maki takwas ce kacal, kuma bugu biyu ko uku da suka tsallake katanga lokacin da akwai 'yan gudu a sansani sun isa su haifar da ita. Kakar manyan ƙungiyoyin Amurka wasa 162 ce, mai jifan farko kan buga wajen 32 daga ciki. Wasa shida bai kai kashi ɗaya cikin biyar na aikinsa ba.

Abin mamaki, filin gaske ma bai kuɓuta daga wannan ba. A 1999 wani mai sha'awar alƙaluma, Voros McCracken, ya lura da abin da masana suka daɗe ba su gani ba, ya kuma bayyana shi a Baseball Prospectus a 2001. Da zarar mai sanda ya doki ƙwallo ta faɗa cikin fili, ikon mai jifa a kan abin da zai biyo baya kaɗan ne ƙwarai. Kusan kashi 30 cikin ɗari na irin waɗannan ƙwallaye kan zama bugu mai amfani, ko wane ne ya jefa. Sauran aikin masu tsaron fili ne da sa'a. Pedro Martínez na Boston ya isa misali. A 1999 kusan kashi 32 na ƙwallayen da aka doka masa cikin fili sun wuce, a 2000 kuwa kusan kashi 24, alhali a duka shekarun biyu babu gwani irinsa. Abubuwa uku ne McCracken ya nuna suna hannun mai jifa sosai: yawan masu sandan da yake fitarwa da jifa uku, yawan waɗanda yake bai wa sansani kyauta saboda jifa ba saiti, da yawan bugun da ke tsallake katanga.

Nan ya kamata mai ƙungiya ya kai idonsa. Idan waɗannan ukun suna nan yadda aka san su, kuma ɓarnar duk daga ƙwallayen da ke sulalewa tsakanin masu tsaro take, to a bar mutum a wurinsa. Wataƙila ma masu tsaron ne ke bukatar canji. Ba a ce mai jifa ba shi da hannu ko kaɗan ba. Tom Tippett, wanda ya ƙirƙiro wasan kwaikwayon Diamond Mind Baseball, ya nuna a 2003 cewa wasu, musamman masu jifan da ƙwallo ba ta juyawa a iska, suna da ɗan tasiri. Sai dai tasirin shekaru ne ke bayyana shi, ba wata guda ba.

Akwai kuma tarkon da ke sa kuskuren ya yi kama da basira. An sallami mai jifa yana tsakiyar mummunar sa'a, an sa wani, sai sakamako ya gyaru, mai ƙungiya ya yaba wa kansa. Alhali da an bar na farkon ma, akasari gyaruwar za ta zo, domin abin da ya yi nisa da matsakaici yakan koma kusa da shi. Francis Galton ya bayyana wannan a 1886 yana nazarin tsawon iyaye da na 'ya'yansu. Ƙarin ciwo, wanda aka saki ba ɓacewa yake yi ba. Abokin hamayya ne zai ɗauke shi a banza, ya ci moriyar ragowar kakar.

Duk da haka haƙuri ba ya zama wajibi a kowane hali, kuma a nan ne wasan tebur da na kwamfuta suka rabu. A Out of the Park ɗan wasa yana tsufa, yana jin rauni, ƙwarewarsa tana hawa tana sauka, kuma abin da mai ƙungiya ke gani kiyasin masu leƙen 'yan wasa ne, wanda kan iya kuskure. Mai jifa ɗan shekara 35 da ya dawo daga raunin kafaɗa, saurin jifansa ya ragu, masu sandan da yake fitarwa sun yi ƙasa, wannan ba sa'a ce ta juya masa baya ba. Riƙe shi don an biya shi albashi mai tsoka, ko don ya taɓa ciyo kofi, shi ma kuskure ne, domin kuɗin da aka kashe ba zai dawo ba ko ya buga ko bai buga ba.

Ko a nan ɗin akwai matakai kafin sallama. Ana iya mayar da shi cikin masu jifan ƙarshen wasa, inda zango ɗaya ko biyu kawai ake nema a wurinsa, ko a tura shi ƙaramar ƙungiya idan dokar gasar ta yarda. Sannan a ɗora alƙalumansa uku gefen na matashin da ke benci. Sau da yawa sai a tarar matashin yana kyautar da sansani ninki biyu, abin da kawai ya rage ba a gani ba shi ne nasa wasa shidan.