Sanarwar Bayan Taron Masu Cajin Waya, Masu Gyara da Masu Haɗa Sola na Ƙasar Gumel, Wanda Aka Yi a Sule Tankarkar

Mu masu sana'ar cajin waya, da masu gyaranta, da 'yan POS, da masu haɗa wutar sola daga ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, mun yi zama na yini guda a garin Sule Tankarkar bayan an gama aikin kaka. 'Yan'uwa sun zo daga Danzomo da Jeke da Danladi da sauran garuruwa. Mun gayyato manoma da ma'aikatan lafiya, har da 'yan gwangwan masu sayen matattun kayanmu, don maganar ta shafe su kamar yadda ta shafe mu. An buɗe da addu'a, ba a tashi ba sai bayan la'asar. Batu ɗaya muka sa a gaba: wayar salula da wutar sola sun shigo ƙasarmu sun zauna daram, to wane tasiri suke yi wa ƙasar da ruwanta da itatuwanta, kuma me ya rataya a wuyanmu mu da muke cin abinci da su?

Abin da taro ya lura da shi

Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, sana'armu a kan janareta ta tashi. Kowane ɗakin caji da ɗan injinsa a bakin ƙofa, yana ƙara yana hayaƙi daga hantsi har dare. Da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta kai 1,000, sai cajin waya da fetur ya koma aikin asara. Da yawanmu muka sayar da inji muka ɗora faifan sola a kan rufin kwano. Taro ya faɗi gaskiya: tsadar mai ce ta kore mu zuwa ga rana, ba wa'azin kare muhalli ba. Amma alherin ya samu. Hayaƙi ya ragu a bakin kasuwa, rijiyoyin burtsatse masu sola suna ba da ruwa ba tare da an yi karo-karon kuɗin mai ba, firjin allurar rigakafi a ƙananan asibitoci yana kwana da sanyinsa. Rana kuwa, Allah ya hore mana ita a nan arewacin Jigawa fiye da bukata.

Inda taro ya fi daɗewa shi ne maganar batir. Faifan sola mai kyau yana shekara ashirin yana aiki, ba abin da yake nema sai a riƙa share masa ƙurar hunturu. Batirin darma da yawancinmu muke haɗawa da shi ba haka yake ba. Zafin bazara yana cinye shi, ana kuma zuƙe shi har ƙasa kowane dare, sai ka ga shekara biyu ko uku ya mutu, na arha ma ba ya kaiwa haka. Idan ya mutu ina yake zuwa? Kowa a zauren ya san amsar. Ana jingine shi a bayan shago ko a kusurwar tsakar gida har mai gwangwan ya zo. Kafin a ɗora shi a sikeli sai a tsiyaye ruwansa a ƙasa, a wurin da awaki suke kiwo, yara suke wasan ƙasa. Wani lokaci a fasa shi da gatari a ciro darmar, a narka ta a kasko a kan garwashi.

Ma'aikatan lafiya da suka halarta sun yi mana bayanin da ya sa jikin kowa ya yi sanyi. Darma guba ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ƙanƙanin adadinta a jini da za a ce ba ya cutarwa. Jikin ƙaramin yaro yana tsotse ta ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba yake tsotsa. Ba lalle ta kwantar da yaro nan take ba. Tana taɓa ƙwaƙwalwa a hankali, yaro ya tashi ba ya gane karatu, a yi ta yi masa faɗa, alhali cutar daga ƙurar gidansu ta fito, kuma abin da ta lalata ba ya dawowa. Mai ciki ma tana isar da ita ga abin da ke cikinta.

An tuna mana da Zamfara, inda a 2010 gubar darma ta kashe yara akalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da Yargalma, saboda ana daka dutsen zinariya a cikin gidaje. Wasu suka ce ai wancan haƙar ma'adinai ce, ba sana'armu ba. Sai aka kawo labarin Thiaroye, unguwa a gefen Dakar ta ƙasar Senegal, inda yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008. Can babu dutse babu zinariya. Tsofaffin batura ake fasawa, mata suna tankaɗe ƙasar wurin a gidajensu don su tsinci darma su sayar. Daga nan ba wanda ya sake musu. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

'Yan gwangwan sun yi magana, taro kuma ya saurare su da mutunci. Sun ce ba don su ba, da batura sun cika kwatami da kufai, kuma ba wanda ya taɓa gaya musu ruwan batir da ƙurar darma suna da irin wannan illa. Sun ƙara da cewa masu saye a gaba nauyin darma suke biya, ba nauyin ruwa ba, shi ya sa ake zubarwa. Taro ya yarda laifin ba nasu ba ne su kaɗai. Mu muka sayar da batirin, mu muka haɗa shi, mu muka ci ribarsa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Matattun wayoyi da caja da wayoyin wuta su ma an taɓo su. Akwatin kowane mai gyara cike yake da su, yara kuma suna ƙona robar wayar wuta don su ciro jan ƙarfe, suna shaƙar baƙin hayaƙin. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce duniya ta tara shara ta kayan lantarki tan miliyan 62 a 2022, kuma kashi 22 cikin 100 kacal aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata. Masu gyara suka ja hankalin taro ga wani abu da ba a cika yaba musu a kai ba: duk wayar da suka sauya wa gilashi ko bakin caji ta ƙara shekara biyu a hannun mai ita, shara ɗaya ce aka hana zuwa juji.

An yi muhawara kan batirin litiyam. Wasu suna ganin a koma masa gaba ɗaya tunda ya fi daɗewa kuma babu darma a cikinsa. Wasu suka ce tsadarsa ta fi ƙarfin mai ɗan ɗakin caji, kuma idan ya kumbura ko aka huda shi yana kamawa da wuta. Ba a cimma matsaya ba, an bar wa kwamiti ya ƙara bincike.

Manoman da muka gayyato su suka juya akalar taro zuwa ga itatuwa, muna kuma gode musu. Jigawa tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka ya ratsa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. Mu da muke bakin iyaka ba sai an ba mu labarin kwararowar hamada ba, muna ganin yadda iskar farkon damina take binne gero da rairayi. Amma a ƙetaren iyakar nan, wajen Magarya da Matamaye da Mirya a jihar Damagaram, da kuma ƙasar Maraɗi, manoma 'yan'uwanmu sun yi abin da ya kamata mu duba. Tun wajen 1983 aka fara yaɗa abin da suke kira sassaben zamani: idan an zo sharar gona ba a tumɓuke tohon kututture, sai a zaɓi rassa masu ƙarfi a bar su, a sassabe sauran. Ba dashe, ba ban ruwa. Shekaru aka yi duniya ba ta san girman aikin ba, sai da masu bincike suka gwama tsofaffin hotunan jirgin sama da sababbin hotunan tauraron ɗan'adam, suka ƙiyasta cewa itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Yawancinsu a Damagaram gawo ne, itacen da yake zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana da taki, ya kuma ba dabbobi 'ya'yansa da rani. Hannun manomi ne ya raya itatuwan, na'ura kuma ta ba shi shaida a idon duniya. Yau irin wannan hoton na sama yana cikin wayar da muke yi wa caji. Duk mai babbar waya yana iya duba gonarsa daga sama ya ƙirga gawon da ke cikinta.

Haka batun hasashen damina. Hukumar NiMet tana fitar da shi a farkon kowace shekara, da lokacin da ake sa ran saukar ruwa da inda ake fargabar tsaikonsa. Manomin da yake shirin yin binne ko shukar riɗi da zoɓo shi ya fi kowa bukatar wannan labari, amma sau da yawa ba ya isa gare shi da harshen da yake ji. A wasu ƙauyukan bakin iyaka ma sai an hau tudu ake samun sabis.

Abin da muka ɗora wa kanmu

Daga yau mai sana'armu ba zai tsiyaye ruwan batir a ƙasa ba, ba zai fasa batir ba, ba zai narka darma ba, ba kuma zai ajiye mataccen batir a gidan da ake girki ko ake renon yara ba. Duk wanda ya haɗa wa mutum sola, shi zai karɓi tsohon batirin idan ya zo sauyawa, ya rage wa mai shi kuɗinsa daga farashin sabo. Za mu nemi ɗaki mai daɓen siminti da ƙofa mai kulle a kowace hedikwatar ƙaramar hukuma, nesa da rijiya da makaranta, inda za a tara batura a tsaye da ruwansu har a miƙa su ga masu sarrafawa da ke da lasisi. 'Yan gwangwan da suka halarta sun amince su shiga wannan tsari, mu kuma mun yi alkawarin ba za a yi shi ta yadda zai toshe musu hanyar abinci ba.

Kowane shagon gyara zai ajiye kwali na musamman don matattun wayoyi da ƙananan batura. Mun hana almajiran sana'a ƙona wayar wuta, a fere ta da wuƙa. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, kayan aiki kuma a bar su a shago.

Za mu riƙa gaya wa mai saye gaskiyar ƙarfin faifai da batir. Araha ba ta ado, batirin da zai mutu cikin wata shida cuta ce ga aljihun mutum da ƙasar gidansa.

Idan hasashen damina ya fito, za mu naɗe shi da Hausa a saƙon murya, bisa abin da hukuma ta faɗa ba ƙari ba ragi, mu tura wa duk wanda ya kawo caji kyauta. Manoman cikinmu kuwa, kuma kusan dukkanmu manoma ne, za su gwada sassaben zamani a gonakinsu a sharar gona mai zuwa, su ɗauki hoton kowane toho da suka bari don a riƙa gwamawa shekara bayan shekara.

Kiran da muke yi

Muna roƙon Mai Martaba Sarkin Gumel, Allah ya ja zamaninsa, da hakimai da dagatai da masu unguwanni, su sa baki a kan fasa batir a cikin gari da saran ɗanyen gawo don gawayi. Muna roƙon limamanmu su ambaci illar darma a huɗuba, domin maganarsu tana shiga inda tamu ba ta kaiwa.

Muna kira ga hukumar NESREA, wadda ta fitar da dokar kula da batura a 2024, ta haɗa mu da masu tattarawa da aka amince da su, ta kuma sa kamfanonin da ke shigo da batura su ɗauki nasu kason na kuɗin kwashe su. Majalisun ƙananan hukumominmu huɗu su taimaka da ɗakunan ajiya. Ma'aikatar lafiya ta jiha ta duba yiwuwar gwada jinin yaran da suke zaune kusa da wuraren gwangwan.

Hukumar NCC, ta hanyar asusun USPF da aka kafa don kai sadarwa karkara, ta dubi ƙauyukan bakin iyaka, turakun da za a kafa kuma su zama masu sola maimakon injin gas. Cibiyar koyar da kwamfuta ta Kazaure da Kwalejin Ilimi ta Gumel su buɗe wa matasanmu, maza da mata, gajeren horo kan haɗa sola da gyaran waya, a sa darasin gubar darma a ciki. Shirin ACReSAL da hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa su shirya wa manomanmu ziyara zuwa Magarya su gani da idonsu.

Taro ya kafa kwamiti mai wakili daga kowace ƙaramar hukuma, da mutum ɗaya daga 'yan gwangwan, da ma'aikaciyar lafiya ɗaya. Zai ƙirga matattun baturan da ke hannun masu sana'armu, ya nemo ɗakunan ajiya, ya kawo rahoto a zama na gaba da za a yi a Maigatari kafin faɗuwar damina, a ranar da ba ta Alhamis ba saboda kasuwa.

 

Sa hannu:
Shugaban taro
Sakataren taro