Kallon kokowa da hatsin rumbu

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, gangar kokowa ta soma kira. A 1975 aka fara gasar takobi a Tawa, Kantu na Maradi ya ɗauka. Yanzu jiha 8 ke karawa, kowace da ƴan kokowa 10, kuma gasar tana kewaya jihohi.

Kuɗin shiga fili ba shi ne babban nauyi ba. Akwai mota zuwa da komowa, ga abinci, ga makwanci na wajen kwana 10. Nan ne wani magidanci ke buɗe rumbu, ya kai hatsi kasuwa lokacin da tiya ta fi araha. In damina ta faɗi, shi ne zai sayi tiyar nan da tsada, ko ya ci bashi, alhali noma na jira.

Masu dabara ba su taɓa rumbu. Kuɗin wake ko na gyaɗa suke warewa. Kwanakin farko su saurara a rediyo, su tafi na ƙarshe da guzurinsu, su sauka gidan dangi. Wasu ma sai shekarar da gasar ta zo jiharsu.