A bar mana kalangun Shata yadda yake

Jama'a, wai me ya sa duk wanda ya samu kwamfuta sai ya ɗauka ya fi Shata kunne?

Jiya na miƙa wa wani mai tura waƙoƙi a kasuwar Minjibir memori, na ce ya zuba min Bakandamiya. Ya ce, "Yallaɓai, ga wadda aka gyara, fes, babu shuuu ɗin kaset." Na kunna a mota. Wallahi kafin in kai Wasai na kashe.

Shuuu ɗin ya tafi, ban musa ba. Amma da kalangu ya tafi. Abin da ke sa kalangu magana ai matsar nan ce a hammata, sauti ya hau ya sauko. Manhajar share ƙara ba ruwanta, haɗe su take ta kankare. Sannan aka cika dum-dum kamar kiɗan DJ, 'yan amshi suka koma kamar daga ƙasan rijiya.

Da Turawa za su sake fitar da waƙoƙin Beatles a 2009, tef na asali suka ɗauko a Abbey Road, suka shekara huɗu a kai. Mu kuwa kwafin kwafin kaset ake matsewa a MP3, a ce an gyara. Gyaran gangar auzinawa!

Shata ya rasu tun 1999, ba zai dawo ya sake rerawa ba. Mai son gyara ya nemi faya-fayan EMI da ma'ajiyar Rediyon Kaduna. Wanda tsohonsa ya bar faifan garmaho a ɗaki kuma, don Allah kar ya jefar, ya yi min magana.